Turken Murya: Yadda Ake Rera Waƙa Ba Kiɗa Ba a Kauce Ba

Shekarun baya, a wani taron Mauludi cikin Birni, ba nisa da fadar Sarkin Damagaram, an ɗauko wani matashi mai bege, murya tas kamar ruwan randa, mai fiyano na biye da shi. Ana tsakiyar baiti na uku wuta ta ɗauke. Yaron bai daburce ba, ya ci gaba da baki zalla, jama'a na ta jinjina masa. Da aka tada inji fiyano ya dawo, sai ga murya can ƙasa, kiɗa can sama, kamar an ɗaura jaki da raƙumi a garma ɗaya. Wata dattijuwa a gefen mata ta ce, da ƙarfin da kowa ya ji, "Ashe ɗan nan kiɗan ne ke goye da shi."

Bayan an watse ya same ni. Ya ce, "Malam, ni fa ban ji na sauka ba." Na ce na sani, ai da ka ji da ba ka sauka ba. Abin da na koya masa a watannin da suka biyo baya shi ne zan shimfiɗa a nan.

Kunne iri biyu

Akwai mutumin da in ka taɓa maɓalli ɗaya na fiyano yana bayan ƙofa, zai ce maka wannan "sol" ne, ɗaya daga sunayen sautukan do-re-mi, ba tare da ya gwada shi da wani sauti ba, yadda kake ganin shuni ka ce shuɗi ne. In ka ce ya fitar da "la" daga tashinsa barci, zai fitar. Wannan shi nake kira kunnen kai-tsaye. Masu shi kaɗan ne, kuma galibinsu sun fara koyon kiɗa tun suna ƙanana ƙwarai.

Na biyu shi ne kunnen tazara. Mai shi bai san sunan sauti ba, amma ba shi guda ɗaya, zai san nisan da ke tsakaninsa da na gaba, ya hau daidai, ya sauko daidai, ya dawo inda ya tashi. Wannan ana koyonsa komai shekarun mutum, kuma shi ne abin da mai waƙa ba kiɗa yake buƙata. Na farko ado ne.

Dalilina na cewa ado ne: sunayen sautukan nan yarjejeniya ce ta mutane. "La" da ake saita fiyano da shi yau sauti ne mai kaɗawa sau 440 a sakan. A wani taro a Landan a 1939 aka tsayar da shi, hukumar ma'aunai ta duniya ta tabbatar a 1975. Kafin nan Faransa ta kafa 435 da doka a 1859. Algaitar fada ba ta san da ko ɗaya ba, haka gurmi, haka goge. Mai gurmi yana ɗaure tsirkiyarsa ne daidai da maƙogwaronsa na ranar. Mai kunnen kai-tsaye ma yana da tasa wahalar: a ɗaga waƙar da ya sani sama kaɗan don ta dace da muryar wani, sai ta dame shi, kuma da yawansu in shekaru sun ja ma'aunin nasu na gocewa.

Wata mai bincike a Jami'ar Kalifoniya, Diana Deutsch, ta gwada ɗaliban babbar makarantar kiɗa ta Beijin da na makarantar Eastman a Amurka, aka buga sakamakon a 2006. Cikin waɗanda suka fara koyo suna shekara 4 zuwa 5, kusan kashi 60 cikin 100 na ƴan Sin suna da kunnen kai-tsaye, na Amurka kusan 14. Ta danganta hakan da cewa Sinanci harshe ne mai karin sauti. To Hausa ma haka take. Faɗi "wuya" na jiki, ka faɗi "wuya" ta wahala. Faɗi "kuka" na hawaye, ka faɗi "kuka" ta miya. Baƙaƙe ɗaya, wasula ɗaya, hawa da sauka ne kaɗai suka raba su. Amma lura da wani abu: jikarka ƴar shekara 5 da kakanta mai kaurin murya ba a sauti ɗaya suke faɗin "wuya" ba, duk da haka ba wanda ke ruɗewa. Abin da kunnenmu ke kamawa tazara ce tsakanin gaɓa da gaɓa. Shi ya sa kalangu ke magana mu ji. Duk Bahaushe da kunnen tazara ya tashi, aikin da ya rage a gyara masa sikeli.

Mataki na farko: kama kanka

Ɗauki salularka, ka shiga ɗaki, ka naɗi kanka kana rera waƙar da ka haddace sarai, baiti 5 ko 6 da amshinta, ba kiɗa, ba tafi. Sannan ka saurari amshi na farko, ka tsallaka kai tsaye zuwa na ƙarshe. Kada ka saurari tsakiya, don kunne na bin gangara a hankali ba ya jin ta. In ka haɗa kai da wutsiya za ka ji ko ka sauka, ko ka hau, ko kana nan.

Muryar za ta yi maka baƙunta, siririya fiye da yadda ka santa. Ba laifin waya ba ne. Kai kana jin muryarka ta cikin ƙasusuwan kanka, su kuwa suna ƙara mata kauri. Abin da waya ta naɗa shi jama'a ke ji.

Kada sakamakon ya sa ka ce ba ka da kunne. Ainihin larurar rashin bambance sauti tana nan, amma wani babban bincike da aka yi a Kanada aka buga a 2017 ya sa ta kusan kashi 1.5 cikin 100. In kana jin bambancin "kuka" da "kuka", in kana gane waƙa daga karinta tun ba a faɗi kalma ba, matsalarka tsakanin kunne da maƙogwaro take, kuma motsa jiki ne maganinta.

Na biyu: kafa turke

Akuyar da ke ɗaure tana zagaye, ta yi gabas ta yi yamma, amma igiya na dawo da ita. Kowace waƙa tana da sautin da take komawa ta huta a kai, galibi inda amshi ke sauka. Shi ne turke. Wanda ya ɓata a waƙa turkensa ne ya tuge.

Kana buƙatar sauti ɗaya mai tsawo wanda ba ya motsi. Akwai manhajojin saita kayan kiɗa kyauta da ke fitar da shi. In babu, je situdiyo ko wurin mai fiyano ya danne maka maɓalli ɗaya da muryar da ba ta mutuwa, ka naɗi minti 2. Zaɓi wanda ke kusa da muryar hirarka, ba wanda za ka miƙa wuya ba. (Wutar lantarkinmu na juyawa sau 50 a sakan, shi ya sa taransifoma ke gunji a wajen 100, dab da "sol" na ƙasa a muryar namiji. Na san wanda ya yi atisaye da na unguwarsu. Daga nesa dai.)

Kunna sautin. Saurara sakan 5 baki rufe. Sannan ka yi "mmm" daga ƙasa da shi, ka riƙa turawa sama sannu-sannu kamar mai jan guga. Da ka matso za ka ji wata rawa tsakanin muryarka da sautin, wau-wau-wau. Wannan rawa ita ce malaminka. Yawan bugunta a sakan daidai yake da bambancin da ke tsakaninku: in shi yana 220 kai kana 223, sau 3 za ta buga. Kana matsowa tana lafawa, in kun haɗu ta ɗauke, sautin ya zama ɗaya, har ka ji kamar muryarka ta ɓace cikinsa. Wuce shi da gangan ka ji rawar ta dawo, ka sauko ka sake kashe ta. Daga nan buɗe baki: "maa", "mee", "mii", "moo", "muu". Za ka tarar wani wasali na jan ka ƙasa, wani sama. Sai duk biyar sun zauna wuri ɗaya.

Minti 10 a rana ya isa, amma kullum. Mako 2 a kan wannan kaɗai ba ɓata lokaci ba ne, ko da ya gundure ka, kuma zai gundure ka.

Na uku: auna igiya

Yanzu sai nisa daga turke. Samo abu mai tsirkiya, gurmi ko molo ko garaya. Kaɗa ta a sake. Danne ta daidai rabi ka sake kaɗawa: sautin ya ninka, 220 ya koma 440. Shi ne tazarar da ke tsakanin uba da ƴarsa in suna rera waƙa ɗaya, kowa a muryarsa, a ji kamar abu guda. Danne ta yadda kashi 2 cikin 3 ne ke kaɗawa: wannan tazarar 3 da 2 ce, 220 zuwa 330, "do" zuwa "sol". Bayan ninki ba tazarar da ta kai ta daɗin zama a kunne. Kashi 3 cikin 4 kuwa ya ba ka "do" zuwa "fa".

Waƙoƙinmu da yawa a kan matakala 5 suke tafiya, abin da zai yi kusa da do, re, mi, sol, la. Kunna sautin turke a waya, tashi daga shi ka je kowanne ka dawo: do-sol-do, do-mi-do, do-la-do, sannan na ƙasa da turke, don amshinmu na yawan leƙawa can. Fara da sol, shi ya fi saurin kamuwa. Kowace tazara ka nema mata waƙar da ka sani tun yarinta wadda ke farawa da ita, ta gaɗa ce, ta daka ce, ta makarantar allo ce, ka riƙe a matsayin alama. Taka ta fi ta kowa amfani, shi ya sa ba zan ba ka tawa ba.

Hattara biyu. Wanda ya koyi do-re-mi a lakkwal bisa tsarin Faransa, a wurinsa "do" maɓalli ne guda da ba ya tashi. A tsarin Ingila, wanda mawaƙan coci a Najeriya ke bi, "do" shi ne duk inda ka kafa turke. Na biyun nake nufi a nan. In sunayen na rikita ka, kira su 1, 2, 3, 5, 6.

Ɗayar kuma, kada allurar manhaja, mai nuna ko ka hau ko ka sauka, ta zama sarkinka. Masu fiyano sun raba ninki gida 12 daidai wa daida, kowane gida maki 100, jimla 1200. Amma "mi" da ke zauna lafiya a kan "do", wanda rawar nan ke ɗaukewa a kansa, yana wajen maki 386 ne, fiyano kuwa ya ajiye shi a 400. Wato kana iya zama daidai allura ta ce ka gaza. Tsofaffin karuruwanmu ma suna da matakan da ke faɗawa tsakanin maɓallai, kuma da an matse su cikin fiyano ɗanɗanonsu ke tafiya. Yi amfani da allura ka duba turke da "sol". Sauran ka bar wa kunne da bakin wanda ka koya a wurinsa.

Na huɗu: gangarar da ke cikin harshenmu

Nan ne na fi daɗewa da ɗalibai. Faɗi wannan a hankali: "Audu ya tafi kasuwa." Gaɓoɓin sama su ne Au, ya, fi, da suwa. Saurara da kyau: "ya" bai kai "Au" ba, "fi" bai kai "ya" ba, "suwa" ya fi su duka ƙasa. A Hausa duk sautin sama da ya biyo bayan na ƙasa yakan ɗan rage tsawo, jimla ta riƙa sauka kamar matakalar soro. Masana harshe sun daɗe da bayyana wannan. A magana ba laifi, in ka ja numfashi sai ka koma sama ka sake. Karin waƙoƙinmu ma da yawa haka yake, ɗango ya faro sama ya gangaro.

A ganina nan rijiyar take. Mai waƙa ya gangaro ƙarshen ɗango, numfashi ya ƙare, sautin ƙarshe ya ɗan lotsa, sai ya auna farkon ɗango na gaba daga wannan lotsattsen wuri maimakon daga turke. Ɗan abu ne, maki 10 ko 15. Amma in maki 10 ne a kowane baiti, baiti 20 sun kai ka maki 200, maɓalli biyu cur. Ishiriniya kuwa ba a baiti 20 take tsayawa ba.

Maganin kashi uku ne. Na ɗaya, rera waƙar gaba ɗaya da turke na kunne a ƙasa-ƙasa, ka lura da wuraren da rawar nan ke tasowa. Kusan kullum wurare biyu ko uku ne tak, ba duk waƙar ba. Yi musu alama a takarda. Na biyu, riƙe wannan ƙa'ida ta masu horar da ƙungiyoyin waƙa: in za ka hau, yi taki mai faɗi, in za ka sauko, yi taki gajere. Maƙogwaro malalaci ne, yakan gaza a hawa ya zarce a sauka. Na uku, ba abokinka wayar. Ya kunna turke ka fara, ya kashe ka yi baiti ɗaya, ya kunna a kan amshi. Kun haɗu? To ya kashe na baiti 2, sannan 4, sannan waƙar duka. Ranar da ya kunna bayan baiti 10 ka ji shiru ba rawa, ka wuce wurin da yaron Mauludi ya faɗi.

Ƙara da wannan, wanda ba ya buƙatar waya: ɗango na farko a bayyane, na biyu a zuci baki rufe, na uku a bayyane. Sautin da ba ka ji a ka ba kafin ka buɗe baki, laluben sa za ka yi a gaban mutane.

Na biyar: numfashi da maƙogwaro

Yawancin saukar ƙarshen ɗango yunwar iska ce. Ɗora hannu a ciki, ja numfashi cikin ya kumbura, kafaɗa kada ta ɗaga. Sake shi da "sss" daidai-wa-daida har sakan 20, ba ƙarfi a farko da rauni a ƙarshe. A waƙa, tsara wuraren shan iska tun a gida, ka sha tun da saura, kada ka jira sai tulu ya ƙafe.

Hunturun Damagaram ba ya raga wa murya. Ƙura da bushewar iska na sa tantanin murya ya yi nauyin motsi, sai ka riƙa dannawa, dannawa kuma na gusar da sauti. Ruwan da ka kurɓa dab da hawa dandali ba ya taɓa tantanin, hanyarsa daban, sai jiki ya sha shi tukuna, don haka tun safe ake sha. Rufe hanci da rawani in kana kan kabu-kabu. Dishewar da ta wuce mako 3 ba ta zuma da citta ba ce, ta likita ce.

Na shida: daga ina za a ɗauko?

Ba kiɗa, ba mai ba ka sautin farko. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗauko waƙa sama saboda zumuɗin taro, a zo wurin hawa a maƙale. Kafin ka buɗe baki, nemo wuri mafi tsawo a waƙar, ka yi shi a zuci ko da gunji can ƙasa, ka tabbatar kana kai masa ba da jijiyar wuya ba, sannan ka gangaro daga shi zuwa farkon waƙar.

Akwai kuma wani abu mai kama da kunnen kai-tsaye da kusan kowa ke da ɗan rabonsa. A 1994 Daniel Levitin ya sa ɗalibai 46 su rera waƙoƙin da suka fi so daga ka, aka gwada da faifan asali. Kashi 40 cikin 100 sun faɗa daidai kan sautin faifan aƙalla sau ɗaya cikin gwaji biyu, alhali ba mawaƙa aka zaɓo ba. To yi amfani da shi. Zaɓi waƙa ɗaya, ka tsayar mata turke ɗaya. Kullum bayan asuba, kafin rediyo, kafin hira, rera ɗangonta na farko, sannan ka duba da waya. Bayan wasu makonni za ka ga kana faɗawa kusa. Ba zai sa ka riƙa kiran sunan kowane maɓalli ba, amma ka samu sanda guda a aljihu da za ka auna sauran waƙoƙi da ita.

In kuna da yawa

A ƙungiya turke a hannun ƴan amshi yake. Mai ja yana da ƴancin yawo, ya yi ado, ya karya murya, don ya san in ya dawo zai tarar da gida a inda ya bar shi. Saboda haka wanda ya fi kowa kunne ba lalle ne a ba shi ja ba, a tsakiyar ƴan amshi ya fi amfani. Ku tsaya kamar jinjirin wata, ba sahu ba, kowa na jin kowa. Wanda ba ya jin na kusa da shi ya yi ƙara da yawa. Mutum ɗaya ne ke ba da sautin farko, a hankali, kowa ya yi gunjinsa sakan 2 kafin a shiga. Masu tafi da mandiri su sani in suka ƙara sauri murya na bin su sama, musamman wajen ƙarshe in jiki ya ɗauka. In hawan da niyya ne, a yi shi tare a kan amshi.

In kuwa ƙungiya duka ta sauka tare, kada kai kaɗai ka tsaya a tsohon wuri kana nuna ka fi su. Jama'a ba su riƙe da sautin da kuka faro da shi ba, amma suna jin mutum biyu da suka saɓa nan take. Bi su, a gyara a farkon waƙa ta gaba.

Shi ma mai fiyano da nasa. In wuta ta dawo, kada ya faɗo da ƙarfi daga inda ya tsaya. Ya rage ƙara, ya lalubo turken da mai waƙa ke kai a yanzu da yatsa ɗaya, ya matsar da kiɗan da madannin ɗagawa da saukewa da ke jikin fiyanon, ya jira amshi, sannan ya shigo.